Shekarar da Na Je Gida da Damina

Saraya, Dauda, Iliya, ku tsaya in gaya muku abin da ya shiga tsakanina da Yaya Bitrus, domin na san kun ji shi gutsure-gutsure a bakin mutane, kuma waɗanda suka ba ku labarin ba wanda ya zo ya tambaye ni. Ke Saraya, kina sakandare lokacin da kika dawo daga taron 'yan garinmu a Trikania, nan Kaduna, idonki jawur, wai wata mata ta ce miki ubanki ya sayar da garinsu. Ranar ban ba ki amsa ba, na ce ki wanke fuska ki ci abinci. Ina da amsar, aikin ne bai yarda in buɗe baki ba. Yanzu na yi ritaya, gwiwa ta ƙi, mamanku ta hana ni gishiri ta hana ni tuƙi, abin da ya rage mini baki ne da biro. To ga amsar, ku karanta a natse, kada wani ya tsallake shafi, musamman kai Iliya.

Da farko, don Allah ku daina gaya wa abokanku babanku soja ne. Ban taɓa sa kaki ba, kuma da an ba ni bindiga ƙafata zan fara harbewa. Malamin labarin ƙasa ne ni, daga aji aka ɗauke ni zuwa wani ofis da ke yi wa sojoji nazari. Aikinmu mu karanta, mu kwatanta, mu auna, sannan mu rubuta shawara: a ina ya kamata a ajiye mutane, wace hanya ce za ta ɗauki manyan motoci, wane kaya ne ya dace da daji wane ne asarar kuɗi kawai, me ya sa abin da aka gwada bara bai yi ba. Manya su karanta, su ɗauka ko su jefa a durowa. Su suna da bindiga, ni kuma ina da taswira, da rula, da jan biro, da wani farin zare da nake bin lanƙwasar hanya da shi in miƙe shi a kan rula in san tsawonta. Hafsoshi matasa sukan yi mini dariya, wai Malam ga kwamfuta kana fama da zare kamar tela. Na so aikin nan ƙwarai. Har yau idan na ga taswira a bango, ko ta kalanda ce, sai na matsa kusa na gyara tabarau.

Yaya Bitrus kuwa kun san shi, amma ba ku san shi kamar yadda na san shi ba. Babanmu ya rasu ina ɗan shekara tara. Yaya ne ya ajiye littafi ya ɗauki fartanya, ya kai ni makarantar kwana da akwatin ƙarfe a kansa, ya tsaya a bakin get yana yi mini faɗa kada in yi kuka alhali shi ma idonsa ya cika. A gidanmu akwai al'ada: idan an gama girbi, babban gida yakan fitar wa kowane ɗan gida rabonsa, ko ya yi noma ko bai yi ba, ko yana Legas ko yana Maiduguri. Buhun accan nan da ɗaurin citta da kuke gani suna sauka daga lori kowace Disamba, an rubuta LUKA da gawayi a jiki, ba kyauta ba ce. Shaida ce cewa har yanzu ana ƙirga ni a gidan. Wanda aka daina aika wa, ba sai an kira shi an yi masa bayani ba.

A shekarar da nake ba ku labari, yankinmu ba daɗi. Ana ɗauke mutane a gona, ana kora shanu, mata sun daina zuwa itace su kaɗai. Aka yanke shawara a sama cewa za a kafa ƙaramin sansanin soja a wajen, aka turo wa ofishinmu a faɗi inda ya fi dacewa. Kanar ɗinmu, wani dogon Bakatsine mai son shayi ba sukari, ya ajiye mini fayil ɗin a tebur.

"Malam Luka, yankinku ne. Ba wanda ya fi ka sanin wurin. Ka duba mana."

"An gama, Yallaɓai."

Kai, ranar kamar an ba ni sarauta. Shekara da shekaru ina rubutu a kan wuraren da ban taɓa takawa ba, yau ga gida. Na shimfiɗa taswira na ciro zarena. Garinmu yana kan kwalta, akwai makaranta, akwai rijiyar burtsatse, akwai kasuwa. Ƙauyukan da aka fi damu kuwa suna tsallaken rafi, inda muke kira Hayi. Tsakaninsu da mu hanya ce ta ƙasa, kuma an yi kwalbati a kan rafin bayan na bar gida. Na bi da zare na auna, tafiya ce gajeriya, kafin shayin Kanar ya huce mota ta isa. Komai ya nuna garinmu. Ba son kai na yi ba, Allah ya sani, lissafin ne ya fito haka, ni kuma na yi murna da ya fito haka, murnar ce ta hana ni sake dubawa.

Laifina na farko, kuma shi ne babba, bakina ne. A watan Mayu aka yi bikin 'yar wani ɗan'uwanmu a Unguwar Boro, Yaya ya zo. Muna zaune a ƙarƙashin rumfa muna cin shinkafa, yana ba ni labarin yadda mutane suka bar gonakin nesa, duk ya rame. Tausayi ya kama ni. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara hafsoshi cewa ba a fitar da maganar ofis, ni ne na sunkuya kusa da kunnensa.

"Yaya, ku kwantar da hankalinku. Abu na zuwa."

"Wane abu?"

"Soja. A garinmu za su zauna. Ni nake rubuta takardar."

Ya ajiye cokali, ya kama hannuna da hannu biyu ya riƙe. Ya ce, "Luka. Luka." Na ce masa kada ya gaya wa kowa. Haba! Ka gaya wa mai jin ƙishi ruwa na zuwa ka ce kada ya yi murmushi? Kafin sati biyu labari ya dawo mini cewa Yaya ya ba da gonarsa ta bakin hanya don sansanin, wadda ta fi kowace kyau, matasa sun share ta tas sun tumɓuke kututture, kuma ranar Lahadi an ambaci sunana a coci an yi mini addu'a. Raina ya ɗan ɓaci da aka yaɗa, amma in faɗa muku gaskiya, daɗi ya fi ɓacin ran yawa.

Wata Asabar a watan Yuli, a gidanmu na Kamazou, na shimfiɗa tsohuwar taswirata ta koyarwa a teburin cin abinci ina ƙara duba wasu ƙauyuka. Rahoton ya kusa kammala. Mamanku ta fito daga kicin da kwanon tuwo ta rasa inda za ta ajiye. Kun san ta, sana'ar citta take yi tun kafin a haife ku, tana kai wa manoma taki da damina ta saye amfanin da rani, kuma ba ta taɓa ganin abu a tebur ta wuce ba ta yi magana ba.

"Baban Saraya, a kan takarda za mu ci yau?"

"Minti biyu. Zo ki gani. Nan garinmu, nan Hayi. In wani abu ya faru, mota ta tashi daga nan, fit, ta isa."

Ta leƙo, ta bi yatsana da ido.

"Wace mota?"

"Motar soja mana."

"Mai fukafuki ce?"

Na ce mata kwalbati ne a wurin, ga shi an zana. Ta ajiye kwanon a kan kujera, ta riƙe ƙugu.

"Kwalbatin nan ruwa yake hawa kansa tun daga ƙarshen wannan watan har sai an fara yankan shinkafa. Bara takina kwana biyar ya yi a bakin rafi a ƙarƙashin leda. In kana sauri sai ka zagaya ta babbar gada, ka tashi da safe ka isa da la'asar. Kai yaushe rabonka da gida da damina?"

Na fara ƙirga a raina. Tun da na shiga makarantar kwana, Kirsimeti nake zuwa gida. Duk 'yan garinmu na birni haka muke: Disamba mu cika mota da shinkafa da lemo, mu je mu yi rawa, mu tsallaka rafin nan da takalmin coci ko ƙura ba ta kama mu sosai ba, Sabuwar Shekara mu dawo. Jana'iza ma, in ta faɗo da damina, coci ne da makabarta, ka kamo hanya. Rafin da na sani a girmana rafin Disamba ne, wanda awaki suke tsallakawa. Taswirar ma da rani aka zana ta, don mai awon ƙasa ba ya fita cikin ruwa. Ni da taswira duka 'yan Kirsimeti ne. Kunya ta kama ni, na ce da ita, cikin borin kunya, ai mata ba su san lissafin soja ba.

"Ban sani ba kam," ta ce. "Ɗauke takardarka, tuwo na hucewa."

Na nemi izinin kwana uku a watan Agusta na shiga motar haya. Da na sauka a bakin kasuwar garinmu da lema a hannu, matar da ke soya ƙosai ta miƙe tsaye ta dafe ƙirji.

"Malam Luka! Wa ya rasu?"

Duk wanda na haɗu da shi har gida tambayar ke nan. Ba wanda ya yarda ɗan birni zai zo da damina lafiya lau. Ban ko zauna ba na ajiye jaka na nufi rafi. Tun daga nesa na fara jin ƙugi. Da na iso, wallahi ban gane wurin ba. Babu kwalbati, babu alamarsa, sai jan ruwa faɗi guda yana gudu da rassan itace, har da wata bishiyar ayaba sukutum. A gefenmu mutane zaune kan duwatsu da kayansu, a can hayin ma wasu zaune suna kallonmu. Wani tsoho mutumin Hayi yana riƙe da ƙullin magani da ya karɓo wa matarsa. Na tambaye shi yaushe ruwan zai sauka. Ya ce wani lokaci kwana biyu, wani lokaci mako, in kuma aka sake ruwa a kan duwatsu sai yadda Allah ya yi. Na ce to masu ɗauke mutane fa? Ya dube ni kamar yaro ya yi tambaya. Ya ce ai su ta bayan daji suke zuwa, kuma sun fi son wannan lokaci, don sun san ba mai tsallakowa. Washegari na hau acaɓa na zagaya ta babbar gada da agogo a hannu. Mamanku ba ta ƙara ko minti ɗaya ba. Muka faɗi sau biyu a caɓi, na isa Hayi kamar wanda aka tono.

Lissafin ya juye gaba ɗaya. Garinmu yana kan kwalta, rani da damina taimako zai iya iso masa daga hedikwatar ƙaramar hukuma. Hayi kuwa wata uku zuwa huɗu a rufe take. In aka ajiye soja a garinmu, a lokacin da aka fi bukatarsu za su tsaya a bakin ruwa suna jin ihu daga can, kamar yadda na tsaya da lemata. In aka ajiye su a Hayi, da rani za su iya tsallakowa wurinmu, da damina kuma suna inda ba kowa.

Da na dawo gari washegari da yamma, Yaya ya ja ni zuwa gonar da aka share. Fili fetal, har an kafa duwatsu an shafa musu farar ƙasa a jere. Yana tafe yana nuna mini, nan za su sa tanti, nan motoci, can ya bar musu bishiyar ɗorawa don inuwa. Shekarar bai shuka komai a wurin ba. Na bi shi kamar wanda aka ɗaura wa dutse a ƙafa. Da muka kai ƙarshen filin na tsaya.

"Yaya, na yi kuskure. Ba nan ya kamata su zauna ba. Hayi ne."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi. Da ya ga fuskata dariyar ta tsaya.

"An riga an sa hannu?"

"Ba a sa ba. Takardar tana hannuna."

"To ka bar ta yadda take."

"Ruwan nan, Yaya. Ka fi ni saninsa."

"Na san ruwa tun kafin a haife ka! Mutanen Hayi ne suka kai ka makaranta? Na tsaya a gaban dattawa na ce ƙanina ya yi mana. Fasto ya kira sunanka. Yanzu in koma in ce musu me?"

Ya juya ya kama hanyar gida, na biyo shi a baya. Da safe na tafi bai fito ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na dawo Kaduna da zuciya ɗaya ba. Rahoton yana durowata an buga shi tsaf, Kanar ya riga ya leƙa ya ce ya yi. Ba wanda ya san da ruwan nan a ofis sai ni. In na miƙa shi haka, taswira tana bayana, rula tana bayana, ko shekara goma aka bincika ba za a ce na yi ha'inci ba. Kwana uku ina buɗe durowar ina rufewa. Na so mamanku ta yanke mini, ta ƙi.

"Ni ban ce ka canza ba, ban ce ka bari ba. Ruwa kawai na gaya maka. Amma in ka bari, kada ka ƙara tambayata labarin Hayi in na dawo daga kai taki."

Abin da ya tsaya mini a rai tsohon nan ne da ƙullin maganinsa. Rana ta huɗu na yage shafukan ƙarshe na sake rubutawa, na sa lokacin da na auna da agogo, na rubuta ƙarara cewa shawarata ta farko kuskure ce kuma ga dalili. Kanar ya karanta yana kurɓar shayinsa, ya cire tabarau.

"Malam Luka, ka san garinku kake cirewa?"

"Na sani, Yallaɓai."

"Mutanenka sun sani?"

Na sunkuyar da kai na gaya masa abin da bakina ya yi a wurin biki. Ya yi mini wankin babban bargo, kuma na cancanta, har yau ina jin wasu kalmomin. Sannan ya tura wani Manjo ya je ya gani da idonsa. Manjon ya dawo da takalminsa a leda. Kafin ƙarshen shekara aka kafa sansani a Hayi.

Disamba ta zo, lori ya zo, ya sauke wa maƙwabcinmu kayansa ya wuce. Na tsaya a bakin get kamar ina duba taya. Mamanku ta je kasuwa ta sayo acca ta juye a tsohon buhu don kada ku gane, kun sha kununku kuna santi, ni kuwa ko cokali ban iya kaiwa baki ba. Duk da haka na kwashe ku muka je Kirsimeti. Kuna wasa a waje ba ku ga abin da ya faru a ɗaki ba. Ni da Yaya tun ina yaro kwano ɗaya muke ci, a ƙasa, a kan tabarma. Ranar aka kawo mini kujera, aka kawo abinci a farantin tangaran na baƙi, da cokali, da ruwa a kofin gilashi. Yaya ya leƙo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. An zo lafiya?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shekara huɗu ina Yallaɓai a gidan ubana. A taron 'yan gari an daina ba ni magana, wasu in sun hango ni a coci sai su canza ƙofa. Abin da ya fi ciwo a irin aikinmu, in shawararka ta yi kyau ba abin da za ka nuna. Ba za ka iya kawo mutumin da ba a ɗauke ba ka ce ga shi. Mamanku dai takan dawo ta ce mutanen Hayi sun koma gonakin nesa, ta faɗa tana kwance ɗankwali kamar ba komai ba, ni kuma in yi kamar ban ji ba, in shiga ɗaki in gode wa Allah. Aiki ya ci gaba, an ƙara mini girma, kun gama makaranta ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ce rayuwa ta yi ɗaci ba. Amma duk Disamba in na ji ƙarar lori a layinmu sai na sami abin yi a bayan gida.

A shekara ta biyar ciwon yanar ido ya rufe wa Yaya gani, aka ce sai an yi masa aiki a Kaduna. Ya zo ya sauka a Unguwar Boro gidan wani ɗan'uwa, ko sanar da mu bai yi ba. Mamanku ta ji a coci. Ba ta shawarce ni ba, ta ɗauki hayar keke mai ƙafa uku ta tafi. Daga baya aka ba ni labari cewa ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ɗauki jakarsa ta rataya.

"Yaya, faɗanku da ƙaninka naku ne. Amma ni ba za a ce mijina yana da gida a garin nan babban wansa yana kwana a falon wani ba. Tashi mu tafi."

Wa ya isa ya yi musu da mamanku? Ya biyo ta. Sati guda yana gidanmu muna gaisawa kamar ma'aikatan banki. Ni nake kai shi asibiti, ni nake ɗiga masa magani, yana cewa na gode Yallaɓai. Ranar da aka cire bandejin, da hantsi, muna zaune a gindin mangwaron nan na tsakar gida, yana ta kallon ganye yana ƙifta ido. Can ya juyo ya ƙare mini kallo.

"Ashe ka tsufa haka."

"Kai ma ba ka ga kanka ba tukuna, Yaya."

Ya ɗan yi murmushi ya kawar da kai. Ya ce Rifkatu, 'yarsa da ke aure a Hayi, da can duk damina sai ta kwaso yara ta dawo gida ta bar gona, amma shekara huɗu ke nan a ɗakinta take kwana. Ya ce bai zo ya ce na yi daidai ba. Na ce ban tambaya ba.

"Tun ranar da ka faɗa na san gaskiyarka ce," ya ce. "Ni da nake zaune da ruwan nan. Ba wannan ne ya yi mini ciwo ba. Ka sa na tara mutane, na buga ƙirji, na share gona. Ka tsayar da ni a tsakiyar kasuwa ka tuɓe mini riga."

Na sauka daga kujera, da gwiwar nan tawa, na durƙusa a gabansa. Na ce takardar ko yau aka sake ba ni haka zan rubuta, ba zan nemi gafara a kanta ba. Amma bakina, da na yi magana kafin in je in gani, wannan laifina ne ni kaɗai, ya yafe mini. Ya bar ni a durƙushe har na fara jin ƙafata ta mutu.

"Tashi, Luka, kafin a ce sai an yi maka aiki kai ma."

Mamanku tana taga tana jinmu, ba ta ko ɓoye ba. Da rana ta kawo tuwo a kwano ɗaya, ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ba ta kawo cokali ba.

Disambar wannan shekarar buhu ya sauka, LUKA da gawayi, da ɗaurin citta biyu maimakon ɗaya. Direban ya ce Baba Bitrus ya ce a gaya mini daga Filin Soja aka haƙo ta. Sunan gonar ke nan har yau, ko da yake sojan da ya taɓa kwana a cikinta babu. Ya kuma aiko da sharaɗi, wai Kirsimeti in na ga dama in zo in ban ga dama ba in zauna, amma Agusta dole. Tun daga lokacin ban fasa ba. Bana ma na je. Muka taka a hankali har bakin rafi, tsofaffi biyu da sanda, muka zauna a kan dutse. Ruwa ya hau kwalbati yana ta ƙugi, a can hayin ga wani soja tsaye yana taya wata mata ɗaura kaya. Yaya ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Mai taswira, ina zarenka? Auna mana."

Muka yi ta dariya har tari ya kama shi.

To Saraya, amsar da ban ba ki ba ke nan. Matar nan ta Trikania tana nan da ranta, layi biyu ne tsakaninmu a coci, in kin gan ta ki gaishe ta da kyau, abin da ta sani ta faɗa. Ku kuma duka ukunku, na ga kun fara irin tawa, Disamba ku cika but ɗin mota da shinkafa ku je ku ɗauki hoto ku dawo. Yaya ya ce in gaya muku ya fara fitar muku da rabonku, buhu uku ƙanana, ya sa an rubuta sunayenku. Amma ya ce ba zai ɗora su a lori ba. Wanda yake so ya je ya gaishe shi da damina, shi Yaya ya nuna masa gonar da za a cire masa rabon.